Gadon Jini: Abin Da Ya Kamata Hakimi Ya Sani Kafin A Ɗaura Aure

Jawabi domin Hakimai da Malamansu, Nasarawa, Kano

  Maganar yau a kan gado ta ke.

Gado iri biyu ne. Akwai gadon dukiya, watau gona da gida da dabbobi, wanda alƙali ke rabawa bayan mutum ya rasu. Kowane hakimi ya san ƙa'idodinsa, ya kuma san irin rigimar da ya kan jawo. Akwai kuma gadon jiki, wanda a ke rabawa tun ɗa bai zo duniya ba, babu alƙali, babu shaidu, babu ɗaukaka ƙara. Shi ne ke sa yaro ya ɗauko tsawon ubansa, ko hancin uwarsa, ko wushiryar kakarsa. Wani lokaci kuma ya kan ɗauko cuta, alhali iyayensa duka biyu lafiyarsu ƙalau.

Cikin watan Mayu na shekarar 2024 Gwamnan Jihar Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure. Dokar ta ce kada a ɗaura aure sai ango da amarya sun kawo takardar shaidar an gwada jininsu, domin a san irin jinin da kowa ya gada, a kuma duba ciwon hanta da ƙanjamau. Gidan Gwamnati a nan Nasarawa ya ke, amma inda dokar za ta yi aiki shi ne zaurukan dagatai da masallatan ƙauyuka. Wanda zai tsaya a kan doka kuwa ya kamata ya san dalilinta, domin talakawa za su tambaye shi.

YADDA MAI RAI KE HAIFAR IRINSA

Manomi ya san hanyoyi biyu na samun sabuwar shuka. In rogo ne ko rake, sai ya sari kara ya binne. Abin da zai tsiro ba shi da uba dabam da uwa dabam, sabo da haka ya kan fito daidai da wanda aka saro shi, da kyaunsa da aibinsa. Hanya ta biyu ita ce ta namiji da mace. Kowa ya san namijin dabino da namijin gwanda, masu yin fure ba su ba da 'ya'ya. A masara kuwa namiji da mace suna jikin kara ɗaya. Bununin da ke zubowa daga ƙolin kara shi ne rabon namiji, gemun masara shi ke karɓarsa. In aka shuka farar masara kusa da ja, iska ta kan kwashi bununin wannan ta kai wa waccan, sai a ɓare masara a ga ƙwayoyi launi biyu a jere.

Dabbobi da 'yan Adam ta hanya ta biyu su ke haihuwa. Ɗa ya kan samu rabin gadonsa daga maniyyin uba, rabi daga ƙwan uwa. Babu wanda ya fi wani rabo a cikinsu. Makiyayi ya daɗe da sanin haka a aikace, shi ya sa ya ke zaɓen bijimin da zai bari cikin garke, ya fiɗiye sauran. Abin da ya rage shi ne lissafin al'amarin, shi kuwa wani Bature ne ya fara gano shi a cikin lambu.

LISSAFIN MENDEL

Sunansa Gregor Mendel, malamin addinin Kirista ne a garin Birno, wanda yanzu ke cikin Jamhuriyar Cek. Daga 1856 zuwa 1863 ya yi ta shuka wani irin wake na ƙasar Turai, yana aura wannan da wancan da hannunsa, yana ƙidaya abin da ya fito. Ya ɗauki wake mai dogon kara ya aura shi da gajere. 'Ya'yan da suka fito duk dogaye ne, kamar gajarta ta ɓace. Da ya shuka jikoki kuwa, sai ga dogaye 787, gajeru 277, watau wajen uku bisa ɗaya. Ya gwada launin ƙwaya, ya samu rawaya 6,022, kore 2,001. Har wa yau uku bisa ɗaya.

Daga nan ya fahimci abubuwa uku. Na farko, kowane hali yana da ƙwayoyin gado guda biyu a jikin mai shi, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Na biyu, wata ƙwayar mai rinjaye ce, wata kuma mai laɓewa. In sun haɗu, mai rinjaye a ke gani, amma mai laɓewa tana nan daram, ba ta narke ba. Na uku, sa'ad da mai su zai haihu, ɗaya tak ya ke ba ɗansa daga cikin biyun, ba shi kuwa da ikon zaɓen wadda zai bayar. Hali mai laɓewa ba ya bayyana sai ɗa ya same shi ta gefen uba da ta gefen uwa gaba ɗaya.

Mendel ya buga bayaninsa cikin 1866, ba wanda ya kula, har ya rasu cikin 1884. Sai a 1900 masana suka waiwayi aikinsa suka tabbatar gaskiya ya faɗa. A kan wannan lissafi ne Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ke fitar da ingantaccen iri na gyaɗa da wake da dawa. Shi ne kuma dalilin da malaman gona ke hana manomi ya ajiye irin masara mai aure daga abin da ya girbe, domin a shuka ta biyu halayen da suka laɓe su kan fito, gona ta yi gajere da dogo, amfani ya ragu.

INDA GADO KE ZAUNE

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi, kamar yadda a ke gina soro da tubali, sai dai ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. A tsakiyar ƙwayar jiki akwai waɗansu zarurruka da a ke kira kuromosom. Na ɗan Adam guda 46 ne, bibbiyu sau 23, an kuwa tabbatar da wannan adadi cikin 1956. Maniyyi na ɗauke da 23, ƙwan mace na ɗauke da 23, in sun haɗu sai lissafi ya cika.

Zaren kansa an yi shi da wani abu mai suna DNA, wanda aka gano siffarsa cikin 1953 a Jami'ar Kambirij ta Ingila. Malamin hakimi zai fi kowa saurin fahimtarsa, domin kamar rubutu ya ke. Haruffansa huɗu ne kawai, amma an jera su har wajen miliyan 3,000, cikinsu kuma akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000, kowace da umurnin da ta ke bai wa jiki. Kowane mutum na riƙe da kofi biyu na wannan littafi, na uba da na uwa. Mai kwafe takarda ya san harafi ɗaya in ya kuskure ya kan juya ma'anar magana, in kuma wani ya kwafa daga kofinsa, kuskuren ya bi shi. Haka ya ke a jiki.

Biyu daga cikin zarurrukan nan su ke raba namiji da mace. Mace tana da X biyu, namiji yana da X da Y. Uwa kullum X ta ke bayarwa. In uba ya ba da X a haifi mace, in ya ba da Y a haifi namiji. Sabo da haka maigidan da ke fushi da matarsa don tana haifa masa 'ya'ya mata ya sani daga gefensa abin ya fito, shi ma kuwa ba da zaɓinsa ba.

AMOSANIN JINI

Cutar gado da ta fi damun ƙasar Hausa ita ce amosanin jini, wadda a asibiti a ke kira sikila. Cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari mai suna himogulobin, shi ke ɗaukar iskar da mutum ya shaƙa ya kai ta ko'ina a jiki. Na yau da kullum a kan rubuta shi da harafin A. Akwai wani kuma da harafi ɗaya ya sauya a ƙwayar gadonsa, shi a ke rubutawa S. Wanda ya gaji A ta gefe biyu shi ne AA. Wanda ya gaji A da S shi ne AS, lafiyayye ne, yana noma yana fatauci, sau da yawa bai ma san yana ɗauke da kome ba. Wanda ya gaji S ta gefe biyu shi ne SS, shi ne mai cutar. Akwai kuma wani iri da a ke rubutawa C, bai kai S yawa a nan ba, amma in ya haɗu da S shi ma yana kawo cutar.

Ƙwayar jinin mai lafiya kewayayya ce mai laushi, tana yin kwana 120 kafin jiki ya sake ta. Ta mai SS ta kan lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Sunan sikila ma daga sunan lauje ne a Turanci. Daga nan jini ya yi ƙaranci, idanu su yi ɗorawa, ƙwayoyin su toshe ƙananan hanyoyin jini, ƙashi ya riƙa ciwo mai tsanani, musamman da sanyin hunturu ko na damina. Jariri ya kan yi wata biyar ko shida lafiya lau, sa'an nan hannuwansa da ƙafafunsa su soma kumbura. Saifa ta kan lalace, wani yaron kuma ɓarin jikinsa ya shanye.

Wani likita a Shikago ta Amurka, James Herrick, shi ya fara bayyana siffar ƙwayoyin nan cikin 1910. A 1949 aka tabbatar gadonsu yana bin lissafin Mendel sak. A 1954 kuma Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai AS ya fi mai AA tsira daga mugun zazzaɓin cizon sauro. Wannan ne ya sa S ya yi yawa a ƙasashen da sauro ya yi yawa.

An ga haka ƙuru-ƙuru a gundumar Garki, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kano, tun 1991 kuwa tana Jihar Jigawa. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya sun yi babban bincike a ƙauyukanta a kan zazzaɓin cizon sauro, suka kuma gwada jinin jama'a. An buga sakamakon cikin 1979. Cikin jarirai 100, 24 AS ne, amma cikin waɗanda suka wuce shekara biyar, 29 ne, domin zazzaɓi ya fi ɗibar sauran. Masu SS kuwa wajen 2 ne cikin jarirai 100, amma da ƙyar aka samu wanda ya girma a cikinsu. Cikin yaran da a dā a ke kira 'yan wabi, waɗanda uwa ke haifa suna komawa, lalle akwai waɗanda wannan cuta ce ta ɗauke su.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa kashi 24 cikin 100 na mutanen Nijeriya na ɗauke da S, ana kuma haifar yara wajen 150,000 da cutar kowace shekara. Ba ta san gidan bene a Nasarawa ba, ba ta san bukka a rugar Fulani ba.

LISSAFIN AURE

Ga yadda rabon ya ke a kowane ciki:

1. AA da AA: 'ya'ya duka AA.
2. AA da AS: rabi AA, rabi AS, babu mai cutar.
3. AA da SS: duka AS, babu mai cutar.
4. AS da AS: ɗaya cikin huɗu AA, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu SS.
5. AS da SS: rabi AS, rabi SS.
6. SS da SS: duka SS.

Na huɗu shi ne inda a ke yawan faɗawa, domin ango da amarya duka lafiyayyu ne, ido ba ya ganin kome. Nan ne kuma a ke yawan kuskuren fahimta. Wani ya kan ce tun da ɗaya cikin huɗu ne, sai su haifi uku su tsaya. Wani kuma ya ce tun da ɗan fari ya fito da cutar, uku masu zuwa sun kuɓuta. Duka biyu kuskure ne. Wanda zai yi wa jama'a bayani ya samo ƙorai biyu, ya sa farin wake ɗaya da jan wake ɗaya a kowace. Ƙwarya ɗaya uba ce, ɗaya uwa. Ya rufe ido ya ɗauko ɗaya daga nan, ɗaya daga can, ya duba, sa'an nan ya mayar da su. Duk sa'ad da ja biyu suka fito tare, ɗa mai cutar ke nan. Zai ga wani lokaci ja biyu sun fito sau uku a jere, wani lokaci kuma a yi ɗauka takwas ba su fito ba, domin ƙwarya ba ta tuna abin da aka ɗauka a baya. Kowane ciki da rabonsa sabo.

In aka bi lissafin, cikin gidaje 100 na AS da AS masu 'ya'ya huɗu, wajen 68 za su samu aƙalla ɗa ɗaya mai cutar. In 'ya'yan shida ne, wajen gidaje 82. Tun da kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, to, in ba a gwada ba, wajen aure ɗaya cikin 16 zai haɗa AS da AS. Gundumar da aka ɗaura aure 1,600 cikinta a shekara, wajen 100 irin wannan ne.

Auren zumunci yana ƙara yiwuwar miji da mata su zama sun gaji ƙwaya guda mai laɓewa daga kaka ɗaya. Amma S ya yi yawa a ƙasar nan har auren bare bai isa kariya ba. Gwaji ne kaɗai ke raba gardama.

ZARGIN DA BA SHI DA TUSHE

A ce maigida AS ne, uwargida AA, amarya AS. 'Ya'yan uwargida ba wanda zai kamu. A ɗakin amarya kuwa yara suna kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Dangin miji sai su ce jininta ne ba shi da kyau, danginta kuma su ce kishiya ce ta yi mata sammu, ko a laƙa wa wata tsohuwa maita. Ƙarar ta kan iso gaban dagaci, har gaban hakimi. Mai shari'a ya sani babu yaron da zai zama SS sai ubansa ya ba shi S, uwarsa ta ba shi S. Rabin abin daga maigida ya ke, kishiya kuwa ba ruwanta. Cutar ba ta yaɗuwa ta cin abinci tare, ko kwana ɗaki ɗaya, ko shan nono.

WANDA AKA RIGA AKA HAIFA DA CUTAR

Abin da aka gani a Garki labarin shekarun 1970 ne. Yau mai SS da ya samu kulawa yana girma, ya yi karatu, ya riƙe aiki, ya yi aure. Ana bukatar a gane cutar tun yana jariri, a cika masa alluran rigakafi, ya kwana cikin gidan sauro, ya sha ruwa da yawa, a kiyaye shi daga sanyi da wahala mai tsanani, ya riƙa shan magungunan da likita ya rubuta. In jikinsa ya yi zafi a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko tsaga.

Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Asibitin Murtala Muhammad, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun gwada wani magani mai suna haidiroksiyuriya a kan yaran da na'ura ta nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Sakamakon da aka buga cikin 2022 ya nuna ko ƙaramin awo na maganin yana rage wannan haɗari. Akwai kuma dashen ɓargo, wanda ke iya warkar da cutar, an fara yinsa a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin cikin 2011, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin talaka, yana kuma da nasa haɗarin. Rigakafi dai ya fi magani.

AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

1. A yi gwaji da wuri. Tun ran gini, ran zane. In aka bari sai an sa rana, an kai lefe, an gayyaci jama'a, kunya da asarar dukiya su kan sa iyaye su rufe ido. Hakimi ya umurci dagatai da masu unguwanni su sanar cewa gwaji shi ne farko, tun kafin a karɓi kuɗin gaisuwa. Mafi kyau ma saurayi da budurwa kowa ya san jininsa tun bai fara neman aure ba.

2. A yi shi a asibitin da hukuma ta amince da shi, kamar Asibitin Muhammad Abdullahi Wase da ke nan Nasarawa, ko babban asibitin da ya fi kusa da gunduma. In an yi shakkar takarda a maimaita gwajin a wani asibitin. Wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce ya gaya wa likita, domin jinin da aka ƙara masa ya kan ɓata sakamako.

3. Malami ya bambanta takardu biyu. Rukunin jini, watau A, B, AB da O, domin ƙarin jini a ke nemansa. Wanda a ke nufi a nan shi ne mai AA, AS, AC, SS ko SC. Wanda ya kawo takarda mai harafin O bai kawo amsar wannan tambaya ba.

4. Kowane aure da gwajinsa, ko na budurwa ne ko na bazawara, ko na fari ne ko ƙari. Lafiyar 'ya'yan uwargida ba shaida ba ce a kan abin da amarya za ta haifa.

5. A riƙe sirri. Sakamakon gwaji amana ne, ba a karanta shi a bainar jama'a. In aure ya fasu sabo da shi, a rufa wa gidajen biyu asiri.

6. Kada a ƙyamaci kowa. Dokar kanta ta hana tsangwamar masu cutar. Mai AS ko SS in ya auri AA ba zai haifi mai cutar ba, sabo da haka ƙofar aure a buɗe ta ke gare shi.

7. Waɗanda suka riga suka yi aure kafin su sani, a tura su wurin likita su ji shawara, a kuma gwada 'ya'yansu tun suna ƙanana. Abin da za su yi game da aurensu shawararsu ce da iyayensu da malamansu.

8. A jawo limamai da waliyyai cikin aikin, domin a hannunsu a ke ɗaura aure. Su ma a yi musu misalin ƙorai biyu, su gani da idonsu.

Hakimin da ya tsaya a kan waɗannan abubuwa, jama'arsa za su ga amfaninsu cikin 'yan shekaru kaɗan, a gidajen suna da kuma ɗakunan asibiti. Allah ya ba hakimai ikon riƙe wannan amana, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya raya zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin.